Yadda Ake Gano Abin da Ke Hana Tushen Fayilolin Linux Sauka Lafiya Lokacin Kashe Kwamfuta

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Suna kashe kwamfutarsu mai Linux ta hanyar da ta dace, ba su zare waya ba, amma duk lokacin da ta sake tashi sai su ga `recovering journal` a allo, ko kuma a daidai lokacin da take mutuwa wani jan rubutu ya gifta yana cewa an kasa sauke wani abu. Wannan jagora ta ɗauka cewa kwamfutarka tana aiki da systemd, wato shirin da ke kula da tashi da kashewar tsarin, kamar yadda Debian, Ubuntu, Fedora, Arch da openSUSE suke yi, kuma kana da ikon shugaban tsarin, wato kana iya amfani da `sudo`.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun farko, domin sauran matakan duk a kansa suka dogara. Tushen fayiloli, wanda ake nunawa da alamar `/`, ba a sauke shi, wato cire shi daga aiki (unmount), kamar yadda ake sauke `/home` ko filashi, saboda shirin da ke kashe kwamfutar shi ma daga cikinsa yake gudana, kuma mutum ba ya naɗe tabarmar da yake zaune a kanta. Abin da ake yi masa shi ne a mayar da shi yanayin karatu kaɗai. Da farko systemd yana tsayar da hidimomi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa ragama ga wani ƙaramin shiri mai suna `systemd-shutdown`, wanda ke aika wa duk ayyukan da suka rage siginar SIGTERM ta neman su tsaya, ya bi su da SIGKILL ta kisan dole, ya sauke abin da ke saukuwa, ya kashe swap (wurin faifai da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa), ya kwance na'urorin loop (fayil da ake amfani da shi kamar faifai) da na LVM (tsarin raba faifai) ko LUKS (kulle faifai da kalmar sirri), ya kuma mayar da tushe karatu kaɗai. Idan wannan mayarwa ta yi nasara, faifanka lafiya yake ko da allo ya cika da gunaguni. Kanel kuwa, wato zuciyar Linux, yana ƙin amincewa da ita ne a yanayi biyu: idan akwai fayil a tushe da aka buɗe don rubutu, ko kuma akwai fayil da aka goge amma wani yana riƙe da shi har yanzu.

Kayan aiki da abin da aikin zai ci

Duk manhajojin da ake buƙata kyauta ne: `lsof`, `psmisc` wadda ke ɗauke da `fuser`, `smartmontools`, da kayan gyaran irin tsarin fayilolinka, wato `e2fsprogs`, `xfsprogs` ko `btrfs-progs`. Ka tanadi filashi mai ɗauke da Linux da ake iya tayar da kwamfuta daga kansa, wani faifai na daban don kwafin ajiya, da waya mai kyamara. Abin da aikin zai ci maka lokaci ne, domin kowane gwaji yana buƙatar kashewa da kunnawa. Idan saba (server) ce da mutane ke amfani da ita, sai a ware lokacin da tsayawarta ba za ta cutar da kowa ba, kuma a tabbata akwai hanyar ganin allonta kai tsaye, ba ta SSH kaɗai ba.

1. Tabbatar cewa matsalar ta gaske ce

Shaidar da ake dogaro da ita tana fitowa ne a tashi na gaba, ba a lokacin kashewa ba. Ka fara da sanin irin tushenka da ɓangaren faifan da yake kai:

`findmnt /`

Sannan ka kashe kwamfutar yadda ka saba, ka kunna ta, ka bincika:

`journalctl -b | grep -iE 'recover|orphan|unclean|replay'`

A ext4, `recovering journal`, `recovery complete` ko `Clearing orphaned inode` suna nufin ba a rufe tushe lafiya ba. A XFS, `Starting recovery` ita ce alamar matsala, `Ending clean mount` kuwa alamar lafiya ce. A Btrfs ana neman `start tree-log replay`. A Debian da danginta sakamakon binciken tushe yana cikin fayil ɗin `/run/initramfs/fsck.log`, don haka ka leƙa can ma. Layin da ke cewa `/dev/sda2: clean` tare da adadin fayiloli, idan shi kaɗai ya fito, ba kuskure ba ne, rahoto ne na yau da kullum.

Wasu saƙonnin lokacin kashewa suna firgita mutane a banza. `Failed unmounting /var` yakan fito ne saboda mai rubuta rajista yana riƙe da `/var/log/journal` a zagaye na farko, daga baya kuma a sauke shi. Haka nan `Failed to finalize DM devices, ignoring` abu ne da ake tsammani a kwamfutar da tushenta ke kan LVM ko LUKS idan rarrabawar, wato nau'in Linux ɗinka, ba ta komawa initramfs, ƙaramin tsarin wucin gadi da kwamfuta ke fara tashi da shi, wajen kashewa. Idan tashi na gaba bai nuna alamar farfaɗowa ba, ka tsaya nan, babu abin gyarawa.

Hattara: kada ka yanke hukunci da layin `Filesystem state: clean` na `tune2fs -l`. A ext4 wannan layi yakan ce `clean` ko da an yanke wuta. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka kashe kwamfutar, ka tashe ta daga filashi, ka gudanar da `dumpe2fs -h /dev/sda2` (ka sa sunan ɓangaren tushenka a madadin `/dev/sda2`) ba tare da ka ɗora faifan ba, wato ka buɗe shi don amfani (mount), ka duba layin `Filesystem features`. Idan `needs_recovery` yana ciki, ba a rufe shi lafiya ba. Danna faifan a manhajar duba fayiloli yana ɗora shi, kuma ɗorawar tana share wannan shaida.

2. Yi kwafin ajiya, ka duba lafiyar faifan

Kafin kowane gwaji, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifan. Bayan haka:

`sudo smartctl -a /dev/sda`

A faifan SATA ka kula da lamba 5, `Reallocated_Sector_Ct`, da lamba 197, `Current_Pending_Sector`. Idan suna hawa, ko `journalctl -k` yana nuna `I/O error`, to faifan ne ke mutuwa, kuma babu saitin da zai warkar da shi. A faifan NVMe ka rubuta adadin da ke gaban `Unsafe Shutdowns`, domin za a dawo kansa a mataki na 7.

3. Karanta ƙarshen rajistar zaman da ya wuce

`journalctl --list-boots`

Idan layi ɗaya kawai ya fito, rajistarka tana ɓacewa da kowace kashewa. Ka ƙirƙiri folda `/var/log/journal`, ka sa `Storage=persistent` a cikin `/etc/systemd/journald.conf`, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka kashe ta sau ɗaya don a samu abin karantawa. Daga nan:

`journalctl -b -1 -e`

Ka bi layukan ƙarshe a hankali. Kashewa mai kyau tana ƙarewa da `Sending SIGTERM to remaining processes` da `Journal stopped`. Idan rajista ta yanke a tsakiyar aiki ba tare da waɗannan ba, kwamfutar ba ta ma kai matakin ƙarshe ba, wani abu ya katse ta. Ka nemi layukan `State 'stop-sigterm' timed out. Killing` da `Failed unmounting`, ka rubuta sunan hidima ko wurin da suka ambata.

A nan ya kamata mai kwamfuta ya yi wa kansa adalci. Systemd yana jiran hidimar da ta ƙi tsayawa na daƙiƙa 90 bisa saitinsa na asali, kuma idan hidimomi biyu ko uku suka yi haka a jere, jiran yana kaiwa mintuna da dama. Mutum ya ga baƙin allo, ya ɗauka ta maƙale, ya danne maɓallin wuta. A irin wannan hali tushe bai ƙi sauka ba, ba a ba shi dama ba ne, kuma abin da za a gyara shi ne hidimar da ke jawo jinkirin.

4. Ga saƙonnin ƙarshe da idonka

Rajista tana mutuwa kafin a taɓa tushe, saboda haka abin da ya faru a daƙiƙun ƙarshe ba ya cikinta. A menu na GRUB, wanda ke fitowa lokacin da kwamfuta ke tashi, ka danna `e`, ka nemi layin da ya fara da `linux`, ka goge `quiet` da `splash` (a Fedora `rhgb` ne), ka danna Ctrl da X. Wannan canji na tashi ɗaya ne kawai. Bayan kwamfutar ta tashi, maimakon `poweroff`, ka yi:

`sudo systemctl halt`

Wannan umarni yana bin duk matakan kashewa amma ba ya yanke wuta, don haka rubutun yana tsayawa a allo ka ɗauki hotonsa. Layin da ake nema shi ne `Failed to remount '/' read-only: Device or resource busy`. Ka kuma lura da `Waiting for process`, domin yana faɗin sunan aikin da ya ƙi mutuwa. Sai ka ga `System halted` sannan ka danna maɓallin wuta.

Hattara: idan kwamfutar ta maƙale da gaske, kada ka fara da maɓallin wuta. Ka riƙe Alt da SysRq ka danna S don a zube abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, ka dakata kaɗan, ka danna U don a tilasta mayar da komai karatu kaɗai, ka sake dakatawa, sannan B don sake tashi ko O don kashewa. Wannan yana aiki ne idan `/proc/sys/kernel/sysrq` ya ba da izini. Lamba 1 tana buɗe komai. 176, wato jimlar 16 da 32 da 128, tana buɗe waɗannan ayyukan kaɗai. Ka duba ta tun kafin buƙata ta taso.

5. Kama bayanan matakin ƙarshe a rubuce

Idan hoton allo bai wadatar ba, akwai hanyar da ta fi zurfi. Duk fayil mai ikon gudana da aka ajiye a `/usr/lib/systemd/system-shutdown/` ana gudanar da shi bayan an gama yunƙurin sauke komai, dab da yanke wuta. Ka ƙirƙiri `bincike.sh` a wurin da wannan rubutu:

```
#!/bin/sh
hali=$(grep ' / ' /proc/mounts)
mount -o remount,rw /
echo "$hali" > /rahoton-kashewa.txt
ps -eo pid,stat,args >> /rahoton-kashewa.txt
cat /proc/swaps >> /rahoton-kashewa.txt
losetup -l >> /rahoton-kashewa.txt
dmesg >> /rahoton-kashewa.txt
sync
mount -o remount,ro /
```

Ka ba shi ikon gudana da `chmod +x`. Sannan a GRUB ka ƙara waɗannan a ƙarshen layin `linux`: `systemd.log_level=debug systemd.log_target=kmsg log_buf_len=1M printk.devkmsg=on`. Inda SELinux ke aiki, kamar Fedora da RHEL, ka ƙara `enforcing=0`, in ba haka ba za a iya hana fayil ɗin rubutu. Ka kashe, ka kunna, ka buɗe `/rahoton-kashewa.txt`.

Layin farko shi ne mafi muhimmanci, shi ya sa aka ɗauke shi kafin a buɗe tushe don rubutu. Idan ya nuna `ro`, systemd ya yi aikinsa, matsalar tana gaba da shi, wato a initramfs ko a faifai da wutarsa. Idan ya nuna `rw`, wani yana riƙe da tushe, kuma jerin `ps` da ke ƙasa zai nuna waɗanda suka tsira daga SIGKILL. Sunayen da ke cikin baka mai kusurwa na kanel ne, yawancinsu ba su da laifi. Ka mai da hankali kan sauran.

Hattara: wannan fayil yana buɗe tushe don rubutu a kowace kashewa. Na bincike ne kawai, kuma barinsa a wurin kan iya haifar da ainihin matsalar da ake nema a magance.

6. Gwada mayarwar da hannunka

Wannan shi ne matakin da ya fi saurin fallasa mai laifi, domin kana yin abin da systemd ke yi amma allo yana hannunka. Ka rufe ayyukanka, ka shiga yanayin ceto:

`sudo systemctl isolate rescue.target`

Hattara: wannan yana yanke SSH da zaman duk wanda ke cikin kwamfutar. Kada ka yi shi daga nesa sai kana da wata hanyar kaiwa ga allon. A rarrabawar da aka kulle asusun root, ka tabbata za ka iya shiga yanayin ceto kafin ka fara.

A cikin yanayin ceto, ka sa mai rubuta rajista ya saki `/var`, ka kashe swap, sannan ka gwada:

```
journalctl --relinquish-var
swapoff -a
mount -o remount,ro /
```

Idan umarnin ƙarshe bai ce komai ba, ya yi nasara, kuma hakan yana nuna cewa mai laifin yana cikin hidimomin da yanayin ceto ya tsayar, ko kuma a jerin yadda ake tsayar da su. Idan ya ce `mount point is busy`, mai riƙon yana nan tare da kai, sai a nemo shi:

`fuser -vm /`

Jerin zai yi tsawo, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin kusan kowane aiki yana taɓa tushe. Haruffan `r`, `c`, `e` da `m` suna nufin aikin yana zaune a tushe ko yana karanta wani abu daga cikinsa, kuma hakan ba ya hana mayarwa. Babban harafi `F` kaɗai ke nufin an buɗe fayil don rubutu. Don ganin ainihin fayilolin:

`lsof / | awk '$4 ~ /[0-9]+[uw]/'`

Sai kuma fayilolin da aka goge amma ana riƙe da su:

`lsof +L1`

Da zarar ka samu lambar aikin, `systemctl status` tare da lambar zai gaya maka hidimar da ta haife shi. Ka tsayar da ita, ka sake gwada mayarwar, ka ci gaba haka ɗaya bayan ɗaya har ta yi nasara. Wadda ka tsayar a ƙarshe ita ce za ka bincika.

Hattara: kada ka gudanar da `fuser -km /`. Harafin `k` yana kashe duk abin da ke taɓa tushe, har da tagar umarnin da kake ciki. Haka kuma `umount -l /` ba magani ba ne. Yana ɓoye wurin daga gani ne kawai, ba ya rufe komai.

Idan `fuser` da `lsof` ba su nuna kowa ba amma har yanzu ana cewa `busy`, riƙon daga cikin kanel yake. Ka duba `losetup -l`, `swapon --show`, `dmsetup ls` da `lsns -t mnt`. Na ƙarshen yana nuna kwantenoni da hidimomin da ke da nasu keɓaɓɓen ganin faifai. Bayan ka gama, `mount -o remount,rw /` sannan `systemctl reboot`.

7. Gyara bisa ga dalilin da ka samu

Aiki na yau da kullum ba ya tsira daga SIGKILL, don haka waɗanda ke iya riƙe tushe har ƙarshe 'yan kaɗan ne, kuma kowanne da maganinsa.

*Aikin da ya maƙale a cikin kanel.* A jerin `ps` za ka gan shi da harafin `D`. Irin wannan aiki yana jiran amsa daga faifai ko daga hanyar sadarwa, kuma sau da yawa babu siginar da ke isa gare shi sai amsar ta zo. Idan yana riƙe da fayil a tushe, tushe ba zai rufu ba. Mafi yawan sanadin shi ne folda ta hanyar sadarwa, irin NFS ko CIFS, da hanyarta ta yanke kafin a sauke ta, musamman idan haɗin Wi-Fi ko VPN na mai amfani ɗaya ne, wanda ke mutuwa da zarar an rufe zamansa. Maganin shi ne a gyara jeri. Ka mayar da haɗin na tsarin gaba ɗaya, kuma a `/etc/fstab` ka gaya wa systemd abin da foldar ta dogara da shi, misali `x-systemd.requires=wg-quick@wg0.service` ga wadda ke bi ta WireGuard. Faifan iSCSI mai ɗauke da ext4 ko XFS yana buƙatar `_netdev`, domin systemd ba ya gane cewa ta hanyar sadarwa yake zuwa. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka, `x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=60` yana sauke foldar bayan minti ɗaya ba a taɓa ta ba. Wasu za su ba ka shawarar sauya `hard` zuwa `soft` a NFS. Wannan yana kawar da maƙalewa amma yana iya lalata bayanan da ake kan rubutawa, don haka ban ga dacewarsa ba sai ga foldar karatu kaɗai. Umarnin `echo w > /proc/sysrq-trigger` yana zuba bayanin inda kowane maƙalallen aiki ya tsaya a cikin `dmesg`.

*Aikin da aka keɓe daga kisa.* Systemd ba ya kashe aikin da sunansa ya fara da `@`, domin an tanadi wannan alama ga shirye-shiryen da tushe ke rayuwa a kansu, irin su `mdmon` na wasu nau'o'in RAID. Ƙa'idar ita ce irin wannan shiri ya taso daga initramfs. Idan daga tushe ya taso, za ka ga gargaɗin `has been marked to be excluded from killing` a rahotonka. Ka sabunta manhajar, ka sake gina initramfs, ka kuma tabbata ba wani rubutun gida ne ke sake tayar da shirin bayan kwamfuta ta tashi ba.

*Loop da swap da ke kan tushe.* A sakamakon `losetup -l`, na'urar da ke da 0 a ƙarƙashin `RO` kuma fayil ɗinta yana kan tushe tana riƙe da shi don rubutu. Systemd yana zagayawa sau da dama yana kwance irin waɗannan, amma yakan gaza idan an jera su da hannu, misali fayil ɗin LUKS da aka buɗe ta wani rubutu da systemd bai san da shi ba. Ka shigar da su `/etc/crypttab` da `/etc/fstab` don a san jerin kwance su. Fayil ɗin swap kuwa yakan ƙi sakuwa idan an cika `/tmp` ko `/dev/shm` da bayanan da ƙwaƙwalwa ba za ta iya karɓa ba.

*Fayilolin da sabuntawa ta goge.* Idan matsalar tana zuwa ne kawai a kashewar farko bayan sabunta manhajoji, wataƙila aiki mai lamba 1, wato shirin farko da ke tafiyar da tsarin, ne ke riƙe da tsohon laburaren da aka maye gurbinsa. Ka gudanar da `systemctl daemon-reexec` bayan sabuntawa, ko `telinit u` a tsarin da ke amfani da sysvinit.

*Hidimar da ke jawo jinkiri.* Ka buɗe ta da `systemctl cat`. `KillMode=none` da `SendSIGKILL=no` suna barin ayyuka a raye bayan an tsayar da hidima. Wadda aka rubuta da `DefaultDependencies=no` ba tare da `Conflicts=shutdown.target` da `Before=shutdown.target` ba, ba a tsayar da ita a kan lokaci. Wadda ke rubutu a wani faifai na daban tana buƙatar `RequiresMountsFor=` don a tsayar da ita kafin a sauke faifan. Ka yi gyaran da `systemctl edit`, kada ka taɓa fayil ɗin da ke `/usr/lib`, domin sabuntawa za ta shafe aikinka. Hattara: rage `DefaultTimeoutStopSec` zuwa daƙiƙa 5 ko 10 shi ne kuskuren da aka fi yi a wannan mataki. Kwamfuta za ta riƙa mutuwa da sauri, tushe zai fito tsaf, amma rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MariaDB za a riƙa kashe shi yana tsakiyar rubutu. Irin waɗannan ƙarin lokaci suke buƙata, ta hanyar `TimeoutStopSec` nasu na kansu.

*Komawa initramfs.* Fedora, RHEL da openSUSE suna amfani da dracut, wanda ke warware initramfs a `/run/initramfs` lokacin kashewa, a koma cikinsa, a sauke tsohon tushe da ake kira `/oldroot`, sannan a rufe LUKS, LVM ko RAID. Arch ma tana yin makamancin haka ta mkinitcpio. Saƙon `Failed to unmount /oldroot` ba ya cutarwa idan an riga an mayar da tushe karatu kaɗai. Idan kuwa RAID yana sake daidaita kansa a kowane tashi, ka duba `systemctl status dracut-shutdown.service`, ka tabbata `/boot` a ɗore yake kuma initramfs na kanel ɗin da ke gudana yana nan, sannan ka sake gina shi da `dracut -f`.

*Wuta ta yanke da wuri.* Idan rahoton mataki na 5 ya nuna `ro` amma alamar farfaɗowa tana fitowa, ka kwatanta adadin `Unsafe Shutdowns` da wanda ka rubuta. Idan yana ƙaruwa da kowace kashewa ta ƙa'ida, faifan yana rasa wuta kafin ya gama zube abin da ke ƙwaƙwalwarsa, sai a nemi sabuntawar BIOS da ta faifan, a kuma gwada wani kanel. A kwamfutar kwaikwayo (virtual machine), kwamfutar da ke ɗauke da ita ce kan kashe ta da ƙarfi idan wa'adin jira ya cika. A libvirt ana ƙara `SHUTDOWN_TIMEOUT` a saitin `libvirt-guests`. Haka ma na'urar UPS da aka saita ta yanke wuta bayan ɗan gajeren lokaci.

8. Binciki tsarin fayilolin daga waje

Sai bayan an toshe sanadi ake wannan, domin `fsck` yana share ɓarnar jiya ne kawai, ba ya hana ta gobe. Ka tashi daga filashi, ka tabbata da `findmnt` cewa ba a ɗora faifan ba. Ga ext4:

`sudo e2fsck -f /dev/sda2`

Ka karanta tambayoyin da yake yi kafin ka amsa. Zaɓin `-y` yana amsa e ga komai, kuma bai dace ba sai kana da kwafin ajiya. Abin da aka tsinto ba tare da suna ba yana shiga `lost+found`. Ga XFS, ka ɗora faifan sau ɗaya ka sauke shi don ya kammala canje-canjen da suka rage, sannan `xfs_repair -n` don dubawa, sai `xfs_repair` idan an ga kuskure. Ga Btrfs, `btrfs check` dubawa kawai yake yi, kuma `btrfs scrub start /` bayan an tashi yana tantance bayanan.

Hattara: kada a gudanar da `e2fsck` ko `xfs_repair` a kan faifan da ke ɗore. `xfs_repair -L` yana zubar da canje-canjen da ba a kammala ba, `btrfs check --repair` kuma yana iya ƙara ɓarna. Dukansu matakin ƙarshe ne. Idan tushe yana kan LUKS ko LVM, ka buɗe shi da `cryptsetup open` ko `vgchange -ay`, ka yi binciken a kan na'urar da ke `/dev/mapper`, ba a kan ɓangaren faifan kai tsaye ba. Kuma idan kwamfutar barcin ajiye zama a faifai ta yi, ba kashe ta aka yi ba, kada ka taɓa faifanta daga filashi sam.

Inda babu filashi a kusa, ƙara `fsck.mode=force` a layin `linux` na GRUB yana tilasta cikakken binciken ext4 a tashi ɗaya, a rarrabawar da ke binciken tushe kafin ɗora shi. Ka kuma duba cewa lambar ƙarshe a layin tushe na `/etc/fstab` ita ce 1 ga ext4, 0 ga XFS da Btrfs.

9. Kwashe kayan bincike, ka sake gwadawa

Ka goge `/usr/lib/systemd/system-shutdown/bincike.sh` da `/rahoton-kashewa.txt`. Idan ka rubuta zaɓuɓɓukan bincike a `/etc/default/grub` maimakon a menu, ka cire su, musamman `enforcing=0`, ka sake gina saitin GRUB. Idan ka kunna `debug-shell.service` a wani lokaci, ka kashe shi da `systemctl disable`, domin yana barin tagar shugaban tsarin a buɗe a tty9 ba tare da kalmar sirri ba.

Gwajin ƙarshe a yi shi cikin yanayin aiki na gaske: foldojin hanyar sadarwa a ɗore, kwantenoni suna gudana, an shafe sa'o'i ana aiki. Kwamfutar da aka kunna aka kashe nan take sau da yawa tana rufuwa lafiya ko da matsalar tana nan. Ka gwada `poweroff` da `reboot` kowanne daban, domin kanel ba ya bi da faifai iri ɗaya a cikinsu, sannan ka ƙara gwaji ɗaya bayan sabunta manhajoji. Bayan kowane tashi ka maimaita umarnin `journalctl` na mataki na 1, kuma ga mai NVMe, ka tabbata adadin `Unsafe Shutdowns` bai motsa ba.